Jirgina na ɗaga hanci ya ƙi gudu: in ƙara inji ne ko yaya?

Ɗan Yauri: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen manya. Wata huɗu ke nan da na sayi jirgin faiba mai tsawon ƙafa 23, na ɗaura masa Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40. Yarona ke tuƙawa, yana fito tsakanin Yauri da ƙauyukan tsibirai. In mu biyu ne ko uku a ciki, da an murɗa totur sai ya hau saman ruwa ya miƙe, abin sha'awa. Amma da an zuba mutum takwas da 'yan buhuna, sai ya kafa gindi cikin ruwa ya ɗaga hanci sama, har matuƙi ba ya ganin gabansa. Inji na ta gurnani, mai na ta ƙonewa, tafiya kuwa babu. An ce mini in sayar da 40 ɗin in ɗauko 75. Kafin in taɓa kuɗina na ce bari in ji ta bakinku.

Mai Fito Gaya: Wa'alaikumus salam. Ɗauko 75 kawai ɗan'uwa. Ƙarfi shi ne magana a ruwa. Mu nan tsakanin Gaya da Malanbil wanda injinsa ya fi girma shi ke kwashe fasinja.

Bakaniken Malale: Wa'alaikumus salam. Alhaji dakata tukuna, kada ka yi saurin sayarwa. Ina da tambaya uku. Ina yaron ke ajiye tankin mai da jarkokin da yake tafiya da su? A wane rami ƙarfen da ke tokare inji yake, na kusa da jikin jirgi ko na waje? Sannan ka duba jikin farfela, akwai lamba a rubuce, ka faɗo mana ita.

Ɗan Yauri: Tanki da jarka biyu duk a baya suke, kusa da ƙafarsa. Buhuna ma a baya ake jibge su don kada ruwa ya fantsamo musu. Ƙarfen yana rami na huɗu in an ƙirgo daga jikin jirgi. Lambar farfela ta ƙare da 13.

Bakaniken Malale: To ai ka ba kanka amsa, ranka ya daɗe. Bari in yi bayani dalla-dalla don wasu ma su amfana.

Jirgi irin naka tafiya biyu gare shi. Akwai wadda yake ture ruwa da ƙirjinsa kamar kwalekwalen katako, akwai kuma wadda yake hawa saman ruwan yana sulɓi. Tsakaninsu akwai wani tudu na ruwa da shi kansa jirgin ke tarawa a gabansa, dole sai ya haye shi. Wannan ɗaga hancin da kake gani, jirgin ne ya maƙale a kan tudun, bai haye ba bai kuma sauko ba. Duk tafiyar jirgi babu inda ya kai nan shan mai, kuma babu inda ya kai shi wahalar da inji.

Abu uku ka haɗa masa. Injin kansa kilo 70 ne da ɗoriya, ga matuƙi, ga mai, ga buhuna, duk a wuri ɗaya a baya. Sannan ƙarfen nan da ke rami na huɗu ya sa ƙafar inji ta yi nesa da jikin jirgi, farfela tana danna gindi ƙasa tana ɗaga hanci. Ka dawo da shi rami na biyu, ko na ɗaya ma in lodi ya yi nauyi. Na uku ita ce farfela. Lambar 13 ɗin nan tana nufin in ta juya sau ɗaya, inci 13 take son ta ci gaba. Kamar ka saka wa mota giya ta huɗu ne a gindin hawa da kaya a bayanta. An yi wannan injin ne ya riƙa juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti in an buɗe masa wuta duka. Da lodinka ba ya kaiwa nan, shi ya sa kake jin gurnani maimakon kuka mai kaifi. In ka sauko zuwa mai lamba 11, juyin zai ƙaru da kamar 300 zuwa 400. Za ka ɗan rasa gudu in jirgi ba kowa, amma zai ɗauki kaya.

Shi kuwa 75, nauyinsa ya haura kilo 100. Za ka ƙara wa gindin da ya riga ya nutse kusan nauyin buhu guda. Kafin ma a je nan, ka duba ko akwai ɗan faranti a jikin jirgin da masu ƙira suka rubuta iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka da yawan mutane.

Mai Fito Gaya: Malam bakanike na ji bayaninka, amma ni shekara shida ina da 75 ban ga illarsa ba.

Bakaniken Malale: Naka na katako ne ko faiba? Tsawonsa nawa?

Mai Fito Gaya: Katako, ya kusa mita 15.

Bakaniken Malale: Ka ga ba ɗaya ba ne. Naka dogo ne mai nauyi, ba zai taɓa hawa saman ruwa ba ko doki 200 ka sa masa. Yana buƙatar ƙarfi don ya ture ruwa ya kuma yi gaba da kwararar kogi. Kai ma in ka lura, daga rabin totur zuwa ƙarshensa gudun da ke ƙaruwa kaɗan ne, igiyar ruwan da kake bari a baya ce kawai ke girma. Ka gwada rage wuta zuwa kashi biyu cikin uku na sati guda, ka ƙirga jarkokinka.

Baba Tsohon Matuƙi: Salamu alaikum yara. Jikana ke rubuta mini, ni nake faɗa. Duk abin da bakanike ya ce gaskiya ne, sai dai ni wani abu ya tsaya mini a rai tun saƙon farko. Ka ce matuƙi ba ya ganin gabansa. A tafkin Kainji! Kun san abin da ke ƙarƙashin ruwan nan? Da aka gama madatsa a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka da garuruwa, har tsohuwar Busa. Itatuwan ba duka aka sare ba. Suna nan tsaye a ƙasa har yau, wasu sun bushe sun yi tauri kamar ƙarfe. In ruwa ya cika kana wucewa ta kansu ba ka sani ba. In ya ja baya kamar farkon damina, kansu na nan taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, ba ka ganinsu sai dai ɗan murɗawar da ruwa ke yi a wurin. Wanda hancin jirginsa ya rufe masa ido yaya zai ga wannan murɗawar?

Kuma kogin nan cika biyu yake a shekara. Akwai farin ruwa na daminarmu, mai laka, daga wajen Agusta. Akwai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga Gini ya ratsa Mali, ya iso mana cikin sanyi. Kowanne yana kwashe yashi daga nan ya kai can. Hanyar da ka bi bara ba lallai ita ce ta bana ba. Ni kafin a ba ni inji na yi shekara bakwai da filafili da gora a hannu, babu kututturen da ban san shi ba daga Yelwa zuwa Warra. Yanzu yaro na iya tayar da inji yau, gobe a miƙa masa rayukan mutane.

Ɗan Yauri: Allah ya ƙara girma Baba. Yaron ɗan Sarkawa ne, a ruwa ya tashi, amma gaskiya gudu irin na faiba bai saba da shi ba.

Baba Tsohon Matuƙi: To ka zaunar da shi ka faɗa masa jirgi ba babur ba ne. Ba shi da birki. Kuma da gindi yake juyawa, in ka karkata hagu, bayanka dama yake sharewa. A kwata inda mata ke wanki yara ke wanka, bayan nan mai farfela shi ke yin ɓarna, kai kana can kana kallon gaba. In zai tsaya ya zo ta ƙasan ruwa, hancinsa na fuskantar kwarara, ruwan da kansa zai riƙe shi. Wanda ya biyo ruwa ya zo tsayawa, gaɓa ce za ta tsayar da shi.

Bakaniken Malale: Baba ku bari in ƙara ɗaya a kan naku. In yana cikin gudu kada ya saki totur gaba ɗaya lokaci guda. Igiyar ruwan da ke bin sa a baya ba ta san ya tsaya ba, za ta zo ta hau ta bayan jirgi ta zubo ciki, musamman da gindi ya riga ya yi ƙasa. A hankali ake sauka. Haka in ya kashe wuta gaba ɗaya ya rasa sitiyari, domin turin farfela ne ke juya jirgi. In zai kauce wa abu yana buƙatar 'yar wuta.

Uwar Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni ina da jirgi ɗaya da ke ɗauko mini busasshen kifi, kuma ni kaina ina shiga. Tambayata a kan jar igiyar nan ce mai kamar wayar tarho da ke jikin inji. Duk matuƙin da na gani nannaɗe ta yake a jikin hannun inji ya bar ta. Na yi wa nawa magana ya ce ado ce.

Ɗan Baga: Hajiya wallahi ba ado ba ce. Ni na ga amfaninta da idona, ranar da babu ita. Shekarun baya muna fitowa daga kamun kifi a tafkin Chadi, jirgin da ke gabanmu ya daki wani abu a ƙarƙashin ruwa, matuƙin yana tsaye, sai ga shi a ruwa. Hannun inji ya karkace gefe guda da kansa, jirgin ya shiga zagaye da cikakkiyar wuta, yana dawowa daidai inda mutumin yake. Yara biyu ne kawai a ciki, sun ƙanƙame katako suna kuka. Sau uku yana nutsewa jirgin na wucewa ta kansa, a na huɗu farfela ta same shi a kafaɗa. Ya rayu, amma hannun bai sake ɗaga taru ba. Har yau in na tuna kukan yaran nan sai jikina ya yi sanyi. Da igiyar na ɗaure a ƙafarsa, yana faɗawa za ta fizge maƙallin, inji ya mutu nan take.

Uwar Biyu: Innalillahi. To daga gobe ba zai tayar mini da inji ba sai na gan ta a jikinsa. A hannu ake ɗaurawa ko a ƙafa?

Bakaniken Malale: A cinya sama da gwiwa ya fi, Hajiya, ko a jikin rigar kariya in yana sanye da ita. A hannu takan sulluɓe ko ta harɗe da totur. Kowace safiya ya tayar da inji ya fizge ta ya ga ya mutu. In ta saki ta daina nannaɗewa ko ta fara tsagewa saboda rana, a canza. A kuma ajiye maƙalli na biyu a cikin jirgi, don in matuƙi ya faɗa da nasa, na ciki su iya tayarwa su koma ɗauko shi. In sun iso kusa da shi a kashe inji tukuna kafin a jawo shi.

Mai Fito Gaya: Wannan na yarda. Amma maganar rigar kariya da ake ta damunmu da ita, mu da muka iya ruwa tun muna yara me za ta yi mana? Fasinja ma ba sa so, sun ce zafi, wasu sun ce datti. Kuma in kwana ya ƙare ko riga goma ka sa sai ka tafi.

Malamin Islamiyya: Ɗan'uwa, ajali gaskiya ne, babu mai musu. Amma wanda ya zo da raƙuminsa wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ni daga yankin Bagwai nake. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29, yawancinsu yara. Kai ka iya ruwa, su fa? Ko kai ɗin, in jirgi ya kife mutum biyar suka riƙe ka, iyawarka ba ta da amfani. Ai an ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Baba Tsohon Matuƙi: Gwanayen ruwan da na sani ruwa ya ci sun fi waɗanda ba su iya ba yawa, domin su ne ke shiga inda bai kamata ba.

Uwar Biyu: Ni fa ina ganin muna ta ɗora wa matuƙa laifi muna tsallake kanmu. Mu masu jirgi mu ne muke yanka musu balas. In ka ce wa yaro kullum sai ya kawo maka kaza, ga tsadar fetur, ga shi yana son ya kai wani abu gida, ta ina zai fitar in ba ya ƙara mutum biyar a kan ƙa'ida ba, ko ya yi sawun dare? Na yi wannan kuskuren da kaina. Wata rana na tsaya a kwata na ga jirgina ya taso, tsakanin bakinsa da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Ban yi barci ba daren nan. Washegari na sa aka ja layi da jan fenti a jikinsa, na ce in ruwa ya taɓa layin nan a sauke kaya, na kuma rage balas. Ribar ta ragu, ban ɓoye ba.

Shugaban Zaure: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Ku dubi manyan haɗurran da suka girgiza mu. Na watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, da mutum fiye da 150 da babura a ciki, ya rabe a tsakiyar ruwa. Na Patigi a jihar Kwara a Yunin 2023, 'yan biki ne ke komawa gida cikin dare, aka rasa sama da mutum 100. Na Gbajibo ta wajen Mokwa a farkon Oktoban 2024, shi ma da dare, shi ma cike maƙil. Babu ko ɗaya da aka ce ƙarancin ƙarfin inji ne ya jawo shi. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, amma ba za ta iya tsayawa a kowace kwata ba. Mai jirgi kuwa ya san nasa.

Mai Fito Gaya: Shugaba, faɗa da baki da sauƙi. In na ƙi ɗaukar mutum, na bayana zai ɗauka, gobe kuma fasinjan ba zai dawo wajena ba. Sai dai in sarkin jirgi ya tsayar da doka ɗaya a kan kowa.

Shugaban Zaure: Wannan ma gaskiya ce, kuma magana ce da ya kamata kowa ya kai wa ƙungiyar kwatarsu. Amma kafin a kai ga haka, layin fenti irin na Hajiya ba ya jiran izinin kowa.

Ɗan Baga: Wani abu game da ruwan da ke taruwa a cikin jirgi. Mutane na raina shi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ba ya zama wuri guda. Da jirgi ya ɗan karkata sai duk ya gudu can ya ƙara danna shi, fasinja su firgita su ruga ɗaya gefen, shi ke nan. A riƙa kwarfewa tun yana kaɗan, a kuma gaya wa mutane tun a gaɓa cewa ba a miƙewa tsaye. In hadari ya haɗo daga gabas kada a ce bari a yi tsere da shi, a nemi gaɓa mafi kusa. In kuma ya riga ya same ku, a rage wuta a tari igiyar ruwa da kafaɗar jirgi, a ɗan karkace. Kada a ba ta haƙarƙari.

Ɗan Yauri: Ina ta rubutawa. Malam bakanike, maganar mai fa? Yaron cewa yake yana zuba baƙin mai da ido.

Bakaniken Malale: A daina da ido. In littafin injinka bai faɗi wani abu daban ba, kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na man inji mai bugu biyu, wato rabin lita a tanki mai lita 25. Sabon inji a awannin farko ana ninka man. Kuma a nemi na injin ruwa, wanda aka rubuta TC-W3 a jikin galan, kada a zuba na mota. In ya yi kaɗan fistin ya kama, in ya yi yawa fulogi ya yi baƙi. Mai 40 in an buɗe masa wuta duka yana iya shan wajen lita 20 a awa, don haka a raba man tafiya uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya, domin dawowa gaba da ruwa ko iska ba daidai take da zuwa ba. Fetur ɗin bakin kwata a tace shi, ruwa na yawan shiga. Ban da taba kusa da tanki, tururin fetur ƙasa yake kwanciya a cikin jirgi.

Sai ɗan ruwan nan da inji ke tsartarwa ta baya. Da an tayar a duba shi, a kan hanya ma a riƙa waiwaye. In ya tsaya a kashe nan take, ko leda ko kainuwa ta toshe mashigar ruwa, ko robar famfo ta cinye. Kada a taɓa tayar da inji a tudu ba ruwa ko na ɗan lokaci, robar nan ƙonewa take. Ni a ruwanmu mai yashi duk shekara nake canza ta.

Ɗan Yauri: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Mun mayar da ƙarfe rami na biyu, buhuna sun koma tsakiya, jarkoki gaba, na sayi farfela mai lamba 11. Da mutum shida da buhu biyu yanzu yana hayewa ya kwanta, hanci ya sauko, yaron na ganin gabansa. Da takwas har yanzu ba ya hawa, sai na ce masa in sun kai haka kada ya matsa, ya tafi a hankali. Na fasa sayen 75. Na sayi riguna goma, biyu na yara, na rage masa balas kamar yadda Hajiya ta yi, igiya kuma tana cinyarsa. Baba, na roƙi wani dattijo a kwatarmu zai riƙa shiga da shi ranar da ba kasuwa yana nuna masa wuraren kututture. Abu ɗaya: da muka cire tsohuwar farfela mun tarar da zaren koma ya nannaɗe a jikin sandar, kuma man giya da muka ɗan buɗe ya fito fari kamar madara.

Bakaniken Malale: Alhamdu lillahi da aka gani yanzu. Zaren ya yanka sil, wato robar da ke tare ruwa a jikin sandar, ruwa ya shiga giya. Kada ya sake fita da shi a haka, haƙoran giya za su ci juna. Ka sa a kwance ƙafar injin a kawo, ko ka nemi wani a nan Yauri ya canza sil ɗin ya zuba sabon mai. Ka ce ya cika ta ramin ƙasa har sai ya ɓullo ta na sama, ya kuma sa sababbin washa a kusoshin ramukan biyu.

Ɗan Yauri: To, jirgin zai kwana a gaɓa. Gobe da safe in sha Allah zan sa a kwance ta.